Yatsun Ovide

Shekara talatin da ɗaya mijina Ovide yana kaɗa goge irin na Turawa mai tsirkiya huɗu a gidan rawar garinmu kowace Asabar da hantsi. A can ma na fara ganinsa, yana kiɗa idonsa a rufe, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Abin ya fara ne a wani biki. Yana tsakiyar kiɗa sai yatsansa na tsakiya na hannun hagu ya lanƙwashe ya shige tafin hannu, na kusa da shi ya bi shi. Kiɗan ya karkace, masu rawa suka waiwayo. Clovis mai ganga, abokinsa tun na yarinta, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Kai tsoho, tun yanzu kwalbar ta fara aiki?"

Ovide ko ɗigo bai sha ba.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne hannun lafiyarsa ƙalau. Da shi yake ɗaura ƙugiya, da shi yake kwance injin kwalekwale. Amma da zarar ya ɗora yatsun a kan tsirkiya, sai su dunƙule.

Bayan mun zaga wurin likitoci uku, aka tura mu birnin New Orleans wurin wata likitar ƙwaƙwalwa. Ta sa ya yi kiɗa a gabanta, ta zuba wa hannun ido.

Ta ce, "Ba a hannu matsalar take ba. Kowane yatsa yana da gurbinsa a ƙwaƙwalwa, ita kuma tana sauyawa bisa abin da aka saba mata. Shekara da shekaru kana motsa waɗannan biyun tare, da sauri. Sai ta haɗe gurabensu. Yanzu a wurinta yatsa ɗaya ne."

Ovide ya yi ɗan murmushi. "Wato nacin da na yi ne ya ja mini."

"Abin da ta koya tana iya warware shi. Wasu suna dacewa."

"Wasu nawa?"

"Ba su da yawa," in ji ta.

Muka dawo gida da takardar atisaye. Kullum bayan karin kumallo sai ya rufe ido, in taɓa masa yatsa da bakin fensir, ya faɗi wanne na taɓa. Ya cusa hannu cikin kwanon shinkafa yana laluben ƙwayar wake da yatsa ɗaya. Sannan ya ɗauki gogen, ya ja numfashi a hankali har kafaɗunsa su sauka, domin likitar ta ce fargaba tana ƙara ɗaure jijiya. Ya danna tsirkiya ɗaya, ya dakata, ya danna ta gaba. Mutumin da ke tayar da ɗaki guda tsaye, ga shi yana kiɗa kamar ɗigar famfo.

Wata goma sha takwas muna haka. An yi masa allura, yatsun suka saki, amma suka rasa ƙarfin danna komai. Da allurar ta sake shi, suka koma yadda suke.

Rannan ya shigo kicin ina yanka kuɓewa, ya ce, "Eulalie, ai hannu biyu gare ni."

Ya juya tsirkiyoyin gogen, ya koma danna su da dama, yana ja da hagu. Yana da shekara hamsin da shida ya fara daga farko. Clovis yakan leƙo ya ce, "Wa ke yanka mage a gidan nan?" Amma sai ya ja kujera ya zauna, yana buga gwiwa yana daidaita masa kiɗan.

Shekara biyu ya ɗauka kafin ya iya kiɗa guda ɗaya mai sanyi daga farko har ƙarshe. Ya kaɗa shi a liyafar coci, ƙarƙashin itatuwa. Ba kamar da ba ne, amma mutane sun tashi sun yi rawa. Clovis ya juya baya yana share ido da hula.

Bayan mako biyar, ina shanya a bayan gida na ji kiɗan ya tsaya a tsakiya. Ya sake farawa, ya tsaya a wuri ɗaya. Na shigo na same shi yana kallon hannunsa na dama. Yatsan tsakiya ya fara lanƙwasa.

Likitar ta ce hakan yana faruwa, ƙwaƙwalwar da ta yi sau ɗaya takan maimaita. Ta ce za a iya sake gwada atisayen. Ovide ya yi mata godiya, ya ɗauki hularsa. A bakin mota ya miƙo mini makulli, ya ce ya gaji.

Yanzu gyaran injin kwalekwale yake yi, kuma ba ya rasa aiki. Clovis ya samo wani mai goge daga garin Lafayette, amma sai da ya zo ya nemi izinin Ovide kafin ya ɗauke shi. Ɗan ƙanwar Ovide ya taɓa roƙon a ba shi gogen, Ovide ya ce ya ɗauka. Bayan kwana biyu ya dawo da shi, ya ce tsirkiyoyin a juye suke, ba ya iya kaɗawa. Ovide ya ce zai gyara masa idan ya sami sarari. An shekara uku ke nan.