Wata 'Yar Indiya

Sai da aka rage fitilun ɗakin taron sannan Dokta Almu ya gane cewa da gangan aka ajiye masa kujera kusa da Alhaji Muniru. Shugaban ƙungiyar ya kakkaɓe masa ita da hannun babbar rigarsa, ya ce a bari a gama kallo tukuna, maganar da za su yi ba ta gaggawa ba ce. Almu ya zauna, ya jingina sandarsa a gwiwa. Ya san maganar, kuma tun a cikin bas ya gama shirya amsarsa. Zai amince.

Ƙungiyar 'yan Arewa mazauna Edmonton, a arewacin London, takan karɓi hayar wannan ɗaki daga hukumar unguwa duk Asabar ɗin ƙarshen wata, bayan azahar, da sunan raya al'ada. Al'adar da ake rayawa kuwa fim ɗin Indiya ce mai fassarar Hausa, ana ci da masa da shayi. Almu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsara tsofaffin takardun Afirka ta Yamma a wani ɗakin karatu na London, bai taɓa ɓoye musu ra'ayinsa ba. Ya sha tuna musu cewa Kwarori masu gidajen sinima ne suka shigo da finafinan Bombay Kano a shekarun 1950, don ciniki, ba don ƙaunar kowa ba. Kuma da aka buɗe sinimar Palace a cikin birni a 1952, malamai tir suka yi da ita. Yau ga jikokin masu tir ɗin sun haye teku da abin, suna kiransa gado. Sukan yi dariya su ce Dokta ke nan. Shi ya sa ya daina zuwa, sai yau da aka aiko masa takanas.

Dalilin kiran kuwa 'yarsa ce, Humaira, wadda ke aikin haɗa magunguna a wani asibiti a Whitechapel. Ita kaɗai Allah ya ba shi, kuma tun rasuwar mahaifiyarta su biyu ne a flat ɗin. Wahid, ɗan ƙanen Alhaji Muniru, ya zo karatun digiri na biyu, ya nemi aurenta, har manya suka shiga maganar. A hirarsu ta bidiyo ya riƙa naɗarta ba da saninta ba. Ranar da ta gano, ta ce ta fasa. Shi kuma ya ɗauki abin da ya naɗa ya jefa a group ɗin ƙungiyar, wai don iyaye su ga irin matar da aka tashi ba shi.

Babu mutum ɗaya a cikin ɗakin nan da ya tura bidiyon da mugun nufi, in dai za a bi ta bakinsu. Kowa don wa'azi ya tura. Wannan ya rubuta salati a kai, wancan ya rubuta "iyaye a kula da tarbiyya", wata ta ƙara da hoton fuska mai hawaye, sannan kowa ya miƙa wa na gaba cikin tsoron Allah. Kafin Almu ya idar da la'asar a ranar, an kira shi daga Kaduna da Jidda ana yi masa jaje.

Humaira ta kai ƙara wurin 'yan sanda. Nan take wayar Wahid ta ɓata, Alhaji Muniru kuma ya ba da umarnin kowa ya yi delete, don rufa wa yarinya asiri. Aka yi, bayan masu bukata sun adana nasu a wani wuri. Waya ɗaya ta rage da saƙon farko a cikinta, da lambar wanda ya turo shi: ta Almu, wanda bai buɗe bidiyon ba, bai kuma goge ba. Humaira ta roƙe shi wayar. Ya ce mata zai yi tunani. Abin da dattawa ke so shi ne ya goge, ya sa ta janye ƙarar, a yi sulhu a cikin gida.

Fim ɗin ya fara da ruwan sama da wata ɗaliba a Mumbai. Almu ya taɓe baki. Murya ɗaya ce ke yi wa kowa magana, ta wani matashi da ke can Kano, wanda ya mai da 'yan sandan Indiya 'yan tasha, ya sa attajirin birni yana rantsuwa da kabarin kakarsa. Amma labarin bai ɗauki lokaci ba ya fito fili. Wani mai fara'a ya yaudari ɗalibar ta intanet, ya naɗe ta, ya sayar. Unguwa ta ɗauka. Masu shago suna kallon waya suna kallonta.

Almu ya saci kallon Alhaji Muniru, ko zai ga wata alama ta kunya. Bai ga komai ba sai tausayi tsantsa. Mutumin yana girgiza kai yana cewa duniya ta lalace, kuma da gaske yake. Daga ɓangaren mata ana jin shessheƙar Hajiya Zinatu, shugabar mata, wadda ta hannunta bidiyon Humaira ya isa Jidda.

Sai uban ɗalibar ya bayyana. Tsohon malamin makaranta ne mai tabarau, mai yawan karanta jarida, mai raina maƙwabtansa saboda jahilcinsu. Ya shiga ɗakin 'yarsa ya tarar tana shirin zuwa kai ƙara, ya tsaya a bakin ƙofa, muryar matashin Kano ta fito daga bakinsa a raunane: "Ki yi haƙuri, 'yata. Ki rufa mana asiri. In kika ci gaba, gobe duk garin nan da sunanmu zai kwana."

Almu ya sunkuyar da kai. Ba don maganar ta yi kama da tasa ba. Ita ce tasa, har jerin kalmomin, wadda ya yi ta gyarawa a cikin bas don ya faɗa wa Humaira in ya koma gida. Shi da ya yi shekaru yana gyara wa mutane shekarar da Lugard ya ci Kano, ashe abin da ya tanadar wa 'yarsa bai wuce abin da wani yaro ya ƙaga a gaban makirufo ba.

"Allah wadaran uba irin wannan," in ji Hajiya Zinatu da ƙarfi. Ɗakin ya amsa da tsaki. Alhaji Muniru ya ce wannan ba namiji ba ne, a ɗaura masa zane.

Sauran fim ɗin abin da aka saba ne. Ɗalibar ta aske gashinta, ta koyi faɗa a cikin waƙa guda, ta bi mutanen ɗaya bayan ɗaya, tun daga wanda ya naɗa har waɗanda suka saya suka rarraba. Duk wanda ta kayar, sai ɗakin ya kaure da tafi. Dattawa masu furfura suna dukan gwiwa suna cewa ta ƙara masa. Da ta cinna wa babban mugun wuta a cikin ɗakin kwamfutocinsa, wata ta rangaɗa guɗa.

Aka kunna fitila. Alhaji Muniru ya share ido da hularsa, ya ja Almu gefen teburin shayi, Hajiya Zinatu ta biyo su. Ya fara da yabon zuriyar Almu, ya gangaro kan ƙuruciya da sharrin Shaiɗan, ya ce Wahid ya yi nadama har ya rame. Ya ce in maganar ta je kotu za a soke bizar yaron, karatunsa ya tashi a banza, jaridun Turawa kuma su samu abin da suke nema a kan Musulmi. Hajiya ta ce ita mace ce, ta san abin da ya fi wa mace alheri, shi ne a manta. In an yi shiru, nan gaba kaɗan wani zai fito ya aure ta a haka.

"Alhaji," in ji Almu, "uban nan da kuka tsine wa ɗazu, me ya ce wa 'yarsa?"

Alhaji Muniru ya dube shi, sannan ya yi dariya irin ta wanda aka yi wa tambayar yara. "Haba Dokta. Ai wannan fim ne."

"Kuma su ba addininmu ɗaya ba," in ji Hajiya.

Alhaji ya miƙo hannu, ya ce a ba shi wayar ya taimaka, ya san Dokta bai saba da waɗannan abubuwan ba. Almu ya dubi tafin hannun, mai maiƙon masa. Ya ɗauki sandarsa, ya ce a gaida gida, ya fita ana kiransa.

Ya hau jirgin ƙasa na Overground daga Edmonton Green zuwa Liverpool Street, ya sauya zuwa Whitechapel. Ya ratsa rumfunan 'yan Bangladesh masu kayan miya da gyale, ya tsaya a ƙofar asibitin ya aika wa Humaira saƙo. Ta fito da farar rigar aiki, fuskarta a ɗaure kamar yadda take tun ranar. Ta tambaye shi da Turanci ko lafiya, kamar yadda ta saba. Ya amsa da Hausa, kamar yadda ya saba. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka bai taɓa kiran sunanta ba. Ya miƙa mata wayarsa.

"Uwata, ungo. Ki kai wa 'yan sandan. Ban taɓa komai a ciki ba."

Ba ta karɓa nan da nan ba. Ta ce ya san dai abin da zai biyo baya: ba mai sake gaishe shi a masallaci, ba mai gayyatarsa suna ko ɗaurin aure, kuma shi ba yaro ba ne, wata rana zai bukaci mutanen nan. Ya ce ya sani. Ya ce in lokacin ya yi, 'yan Bangladesh ma sun iya wankan gawa.

Ta karɓa. Tana riƙe da ita wayar ta yi motsi, saƙo ya hau kan gilashin daga group ɗin ƙungiyar. Hajiya Zinatu ce. Humaira ta karanta a hankali, da Hausarta ta haifaffiyar London: "Gaskiya yarinyar nan jaruma ce. Allah ya ba mu 'ya'ya masu zuciya irin tata." A ƙasa, amin na ta sauka.

Ta ɗago kai. A karo na farko cikin makonni ya ga wani abu ya buɗe a fuskarta, ta yi masa magana da Hausa.

"Baba, wace yarinya suke nufi?"

Almu ya gyara riƙon sandarsa, ya dubi titi.

"Wata ce," ya ce. "'Yar Indiya."