Finjalin Farko

Mutanen Mazarga ba sa tsige shugaba da baki. Ba ƙuri'a, ba hayaniya. In an zauna shan shayi, finjalin farko mai kumfa na shugaba ne. Ranar da mai dafa shayi ya tsallake shi ya miƙa wa wani, to, halas, magana ta ƙare. Da wannan al'ada suka zo Jidda, da ita kuma suke tafiyar da ƙungiyarsu mai neman ɓallewar yankinsu daga ƙasar da suka baro.

Maman Lawali shi ne mai shayin ƙungiyar. Alhaji Abdelkader kuwa, shugaban, abokinsa ne tun suna kiwon awaki, mota ɗaya ta fito da su daga gida, a unguwar Nuzla ma katanga ɗaya ta raba gidajensu. To amma tsufa ya fara taɓa Alhaji. Mutumin da a da ko matarsa ba ta jin sirrin ƙungiya a bakinsa, yanzu sai ya tsaya tsakiyar kasuwar Bab Makka, waya a kunne, yana kiran sunayen mutanensu na gida da ƙarfi kamar mai tallan dabino. An kama wasu a can. Na nan kuma kowa ya shiga tsoron rasa iƙamarsa, takardar izinin zama, don ƙasar nan ba a yi mata siyasar wani wuri a kan titi.

Dattawa suka yi shawara a bayansa, suka tsayar da wanda zai gaje shi, Hassane, mai gyaran waya a Bagdadiyya, yaro mai hankali da riƙon baki. Suka ce in Lawali ba zai iya tsallake abokinsa ba, a sa wani ya dafa. Lawali ya ce a bar masa. Ya faɗa ne kawai, amma wallahi zuciyarsa ba ta so, don ya san abotarsu ce zai ɗora a kan tire.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka hallara a ɗakin bayan wani shagon yadi. Alhaji ya zauna inda ya saba, yana ba da labarin rijiyar garinsu, wanda kowa ya haddace. Lawali ya yi ta ɗaga buta yana juye shayi, ya mayar, ya sake juyewa, har kumfa ta gaji da tashi. Wani dattijo ya yi gyaran murya.

Lawali ya ɗauki finjalin farko. Alhaji ya miƙo hannu bai ma duba ba. Lawali ya wuce hannun nan, ya sa wa Hassane.

To ga inda aka yi aikin banza. Hassane, tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa kai abu baki gaban babba ba. Kafin kansa ya tuna abin da aka shirya, hannuwansa biyu sun riga sun miƙa wa Alhaji finjalin, har da rusunawa.

"Bismilla, Baba."

Ai wanda aka bai wa finjali in ya mayar, ya ƙi sarautar ke nan, tsohon shugaba na kurɓa ya zauna daram. Sai a lokacin Hassane ya gane abin da ya yi. Lawali ya ji haushinsa, ya kuma ji wani daɗi na rashin kunya, don da ma ba ya so.

Alhaji ya riƙe finjalin. Ya dubi kumfar, ya bi fuskokin dattawa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Sannan ya tsayar da ido a kan Lawali. Idon nan ba na mai mantuwa ba ne, ranar garau yake.

Ya kamo hannun Hassane ya mayar masa.

"Sha, ɗana. Kada ya huce."

Hassane ya sha. Aka zagaya da sauran, Alhaji ya karɓi nasa a layi kamar kowa, aka shafa fatiha.

A hanyar zuwa bakin mota Alhaji da Lawali suka jera su biyu. Masu shaguna na ta yalla yalla, a yi sauri, ana sauke dilolin yadi. Sai da suka kusa titi Alhaji ya tsaya.

"Tilasta ka suka yi, Lawali?"

"A'a. Ni na ce a bar mini."

"Abin ya kai haka?"

"Ya kai, Kadiri. An kama mutane."

Alhaji ya mai da idonsa ƙasa.

"Da hannun wani ne ya wuce ni, da na shanye abina," ya ce. "Da na ga naka ne, na san ba ƙarya."

Lawali ya kai hannu zai riƙe shi su tsallaka, kamar kullum. Alhaji ya janye gwiwar hannunsa a hankali.

"Bar ni yau. Ban iya kallonka ba tukuna."

Ya tsallaka shi kaɗai.