Ƙarƙashin Motar Baba

Mai Walda ya biya gidan surukinsa don ya gaishe shi, sai ya tarar da tsohon kwance a kan kwali a ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai ke waje.

Motar ta girmi Auta, matar Mai Walda. Da ita Baba ya yi haya har furfura ta cika masa kai, sannan ya ajiye ta a rumfar bayan gida, kaji suka mai da ita wurin saka ƙwai. Bana ne ya ce sai ya tashe ta. Inji ya kai wa bakanike, amma ƙafafun motar ya ce shi zai yi da hannunsa.

"Baba, sannu da aiki."

"Yauwa, sarkin wuta. Miƙo min gudumar can."

Tun da ya auri 'yar tsohon, hirarsu ba ta taɓa wuce gaisuwa da tambayar jikoki ba. Ya miƙa gudumar, ya tsuguna yana leƙe. An ɗora bayan motar a kan kututture, an cire tayoyi, shokozoba na yashe a gefe. Abin da ya gagara shi ne dogon boltin da ya ratsa idon sifirin, ƙarfen nan mai ɗaukar nauyin mota, ya riƙe shi a jikinta. Noti ya kwance, amma boltin ya ƙi fita, tsatsa ta haɗe shi da mazauninsa sun zama abu ɗaya.

"Na jiƙa shi da kananzir, na jiƙa da man birki, na lallashe shi, na zage shi," in ji Baba. "Taurin kansa sak na matarka."

Mai Walda ya danne dariya. "Da za ka bari in yanke shi, Baba."

"A'a. Da shi ta fito daga kamfani. Irin wannan ƙarfen yanzu sai a labari."

Sai Mai Walda ya koma shago ya ɗauko tukunyar gas. Ya kwanta kusa da surukinsa, kafaɗa na gogar kafaɗa, ya gasa idon sifirin har tsohuwar robar ciki ta soma hayaƙi mai ɗaci. Ya ce Baba ya kama kan boltin da sifana ya riƙa murɗawa, shi kuma ya doka ta ɗaya gefen.

Ya doka, sifana ta faɗi. Baba ya ɗauka. Ya sake dokawa, ta sake faɗuwa. A nan ne Mai Walda ya lura tsohon da hannun hagu yake naɗe yatsun damansa a jikin sifanar, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai koya wa jariri riƙon cokali. Ya dubi ƙarfen da ke kewaye da boltin, duk tabon guduma ne a inda bai kamata ba. Ya kashe wutar.

"Baba, tun yaushe?"

Tsohon ya dubi hannun nasa. "Watan jiya na farka na ji hannun kamar na aro. Na ce in na ba shi aiki zai dawo hayyacinsa. Kada ka gaya wa Auta. Kwashe ni za ta yi ta kai gidanku, ta hana ni ɗaga ko tsinke."

Sirri na farko ke nan da tsohon ya taɓa ba Mai Walda, ga shi kuma ba na riƙewa ba ne.

"Ba zan faɗa mata ba. Kai za ka faɗa, ina tsaye kusa da kai. Amma gobe da safe sai asibiti."

"Af! Ashe kana da baki."

Mai Walda ya zura bututu a sifanar don ta yi tsawo, Baba ya tokare shi da ƙafa. Wuta, duka, wuta, duka. Can sai boltin ya yi wata ƙara kamar tsohon ƙyaure, jan garin tsatsa ya zubo musu a fuska. Da ya fito, tsakiyarsa ta cinye, saura kamar kaurin fensir. Baba ya juya shi a tafin hannu.

"Wannan nake ta karewa?" Ya jefa shi cikin gwangwani.

Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa shi kaɗan, kuma an yi sa'a da bai maimaita ba. Auta ta yi kuka, ta yi wa mahaifinta faɗa, ta juyo kan mijinta duk da ba shi da laifi. Amma ba ta ɗauke tsohon daga gidansa ba.

Motar har yau ba ta hau titi ba. Duk ƙarshen mako Mai Walda na ƙarƙashinta, Baba kuma na kan kujera yana goge notuna da buroshin waya, abin da likita ya ce zai taimaki yatsun. Yana gogewa yana ba da labarin fasinjojin da ya ɗauka, har da wata amarya da ta sa ya tsaya a tsakiyar hanya ta ce ta manto kyanwarta.