Wa Ya Rubuta Babi na Huɗu

Da ƙafa mai walda ya buɗe ƙofar, har mariƙinta ya daki bango siminti ya zubo. Malamar rubutu na zaune ita kaɗai a ɗan ɗakinta da ke bayan laburaren jami'a, inda ɗaliban digiri na biyu ke zuwa ɗaya bayan ɗaya ta duba musu kundin bincikensu. Kafin ta miƙe ya suri kujerar da ya saba zama a kai ya maka ta da ƙasa. Ƙafa ɗaya ta ɓalle ta gangara ƙarƙashin tebur.

"Ita kuma kujerar me ta yi maka, Injiniya?"

Haka take kiransa cikin tsokana tun ranar da ya fara zuwa, hannuwansa duk tabon ƙuna, rigarsa na warin ƙarfe. Da safe yana shagon waldar da mahaifinsa ya bar masa shi da ƙannensa, da rana yana makaranta. Rubutunsa na farko, ta taɓa gaya masa, kamar tulin ɓaraguzan ƙarfe ne: kaya masu kyau, ba wanda ya haɗu da ɗan'uwansa. Ita kuwa ƙa'idarta ɗaya ce, ba ta taɓa riƙe biro a kan aikin ɗalibi. Shi zai karanta da ƙarfi, ta tsayar da shi ta tambaye shi me yake nufi, abin da ya faɗa da bakinsa shi zai rubuta da hannunsa. Wata da watanni suna haka, ita tana sauraron muryarsa fiye da yadda aikin ya buƙata, shi yana ƙirƙiro tambayoyi don kada lokaci ya ƙare. Ba wanda ya taɓa cewa komai.

Yanzu yana tsaye yana huci, ya gaya mata Farfesan da ke duba aikinsa ya karanta babi na huɗu, wanda ya yi a kan dalilin tsagewar walda a tankunan ruwa, ya ce ya yi kyau da yawa. Ya ce mutumin da bara bai iya haɗa jimla biyu ba, ba shi ya rubuta wannan ba. Ya miƙa maganar ga kwamitin ladabtarwa, gobe za a zauna, in suka yarda da Farfesan korarsa za a yi.

Mai walda ya naushi allon sanarwa da ke bango. Fatar yatsunsa ta fashe.

Ta riƙe masa wuyan hannu, karo na farko da ta taɓa shi, ta ji jijiyarsa na bugawa kamar za ta tsinke. Ta ce masa wannan ba abin tsoro ba ne. Gobe su buɗe kowane shafi suka ga dama su tambaye shi, ai a kansa babin yake, har cikin barci zai iya bayaninsa. Ita ma za ta shiga ta faɗi yadda suke aiki. Abu ɗaya kawai take roƙo, ya riƙe hannuwan nan nasa zuwa gobe. Ya sunkuyar da kai, ya ce to. Har ya yi ɗan murmushi ya ce kujerar zai gyara mata, da ma aikinsa ne.

A haka Farfesa ya same su, hannunta a kan nasa.

Dattijo ne gajere mai tumbi, da babin a naɗe a hannunsa kamar zai kashe ƙuda. Ya zo ne ya gaya mata kada ta sake ganin ɗalibansa. Ya dubi kujerar, ya dubi hannuwan, ya yi dariya ta hanci. Mai walda ya rusuna ya ce ranka ya daɗe, ya roƙe shi ya tambaye shi ko wane layi ne a nan take. Farfesa bai ko kalle shi ba.

"'Yata, ni rubutun bai dame ni ba, kin iya. Abin da nake son sani shi ne, da me ya biya ki? Don na ga ɗakin naku da sakata."

Ba ta ga tashin hannun mai walda ba, ƙarar kawai ta ji. Tabaraun Farfesa ya yi sama, shi kuma ya faɗa kan kantar littattafai, kantar ta biyo shi ta rufto. Mai walda ya tono shi daga cikin littattafan, ya shaƙe shi da kwalar riga ya haɗa bayansa da taga. Gilasai suka tarwatse. Ya sake naushinsa a baki, ya sake, dattijon na kare fuska da takardun babin har suka jiƙe suka manne masa a tafin hannu. Malama ta rungumo shi ta baya tana kiran Injiniya, Injiniya, kamar sunan zai dawo da shi. Ya ja hannu baya don ya ƙara, gwiwar hannunsa ta same ta a hanci. Ta ji wani abu ya karye a tsakiyar fuskarta, ta zube a kan ɓaraguzan gilashi, jini mai ɗumi ya cika mata baki.

Wannan ne ya tsayar da shi. Ya saki Farfesa ya durƙusa a gabanta, hannuwansa a sama da fuskarta, ya rasa inda zai taɓa.

A durƙushen masu gadi suka iske shi. Kulki na farko ya sauka a kafaɗarsa, na biyu a ƙeya. Bai kare ba, bai tashi ba. Suka kwantar da shi rubda ciki, ɗaya ya taka masa wuya da takalmi, ɗaya yana ta zuba masa kulki a haƙarƙari yana cewa yau zai ga walda. Ta yi ta ce musu ya isa, amma jini ya hana maganar fita daidai. Ɗalibai sun cika baranda suna ɗauka da waya.

Farfesa ya samu ya zauna a bakin tebur, ya tofar da haƙori a hankici. Da ƙyar ake gane maganarsa, amma ta gane. Ya ce a gaya wa kwamiti su huta, ba sai sun karanta komai ba.

Shugaban masu gadi ya tsuguna kusa da ita, ya miƙa mata tsumma ta toshe hanci. Ya ce ta yi haƙuri, ita kaɗai ce ta ga farkon abin, dole ta faɗa masa wanda ya fara kai hannu. Ta dubi mai walda. Kumatunsa na manne da ƙasa, ido ɗaya ya rufe, ɗayan na kanta. Ta san in ta ce dattijon ne ya fara, za a iya ja a ja, wataƙila ma a bar shi ya zauna gaban kwamiti. Ta buɗe baki.

"Ni ne," ya ce daga ƙarƙashin takalmin. "Ku ƙyale Malama, ku kai ta asibiti."

Suka ɗaga shi suka ja shi waje, ƙafafunsa na sharar gilashi.