Goron da Mma Humu Ta Ajiye wa Ranarta

"Mubina, cire ledar nan! So kike ki dafa min shi?"

Na tsaya cak, hannuna a kan kwandon goron. Ni dai gani na yi rufin ɗakin ya fara ɗiga, na ce bari in rufe kwandon da leda kafin ruwan ya yi ƙarfi. Mma Humu kuwa, wadda tun safe ko koko ta kasa haɗiyewa, sai ga ta ta ɗago a kan gwiwar hannu tana hararata.

"Goro numfashi yake yi kamar ni da ke. Jawo shi nan kusa da kaina."

Na jawo shi ina ƙunƙuni, na tara bokiti a inda ruwan ke zuba.

Ƙofarta na kallon tawa a gidan hayarmu na Zongo. Tun ina amarya na tarar da ita a nan tana sayar da goro, sana'ar da ta gada wurin mahaifinta. Amma wannan kwandon ba na sayarwa ba ne. Daga wata gona ya fito, can gaba da Offinso, ta wani dattijon Asante da mahaifinta ke sayen goro a hannunsa tun tana yarinya. Da dattijon ya rasu, 'ya'yansa suka ba masu haƙar zinariya filin, waɗannan 'yan galamse da rediyo ke maganarsu kullum. Mma Humu ta ji labari, ta hau trotro, motar haya, ta tafi. Ta dawo da jar laka har gwiwa da kwando ɗaya a ka.

"Sun sare itatuwan duka," ta ce min ranar. "Rafin da muke wanke goro ya koma kamar an dama koko da jar ƙasa. Wannan ne na ƙarshe. Ranar sadakar ukuna shi za a raba, ba wani ba. Na ba ki amana."

Na yi dariya na ce ita za ta binne mu duka. Ba a daɗe ba ƙafafunta suka fara kumbura, likitocin asibitin Bantama suka ce ƙoda ce.

Ɗanta Wahabu direban lori ne, yana bin hanyar Tamale. Yaron kirki ne, sai dai komai ya ji a rediyo sai ya kawo gida. Ya zo ya durƙusa gabanta.

"Mma, yanzu akwai inshora ta jana'iza. In an yi rasuwa su ne za su kawo rumfa da kujeru da kayan sadaka."

"Har goron gonar nan za su kawo?"

"Mma, goro ai goro ne."

"Yoo. Je ka yi, Allah ya yi maka albarka. Kujerun dai na yarda."

Da jikinta ya ƙi, aikin kwandon ya dawo kaina. Duk Juma'a sai na kwance shi, in zubar da busasshen ganye, in tsince wanda tsutsa ta huda, in yayyafa ruwa, in sake naɗewa da ɗanyen ganye. Zafin bana kuwa ba a magana, ganyen da ke yin mako sai ya bushe kafin Laraba. Shi kansa ganyen sai na zagaya kasuwa kafin in samu, masu kawowa sun ce dajin ya yi nisa. Duk da haka na riƙe goron, kuma da a ce zafi ne kaɗai abokin gabana, da na ci nasara.

Masu zuwa gaisuwa ne suka ƙarar da shi. Macen da ta yi rabin ƙarni tana ciniki a unguwa, kowa ya san ta. Matan makarantar Islamiyya, mahauta, 'yan dako, har matan Asante masu sayar da borɗe, ayabar nan ta dafawa, kullum ɗakin cike. Duk wanda ya miƙe zai tafi, sai ta zura hannu cikin ganyen ta zaro ɗaya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wata rana da ɗakin ya watse na ce, "Mma, kin ba ni amana, kuma ke ce kike cinye ta. Me zan raba ranar?"

"Mutum ya tako ƙafa ya zo duba ni, ya fita hannu wofi? Ba a taɓa yi a gidan ubana ba."

"To a ba su na kasuwa mana!"

"Wanda ya zo ina numfashi a ba shi na kasuwa, wanda ya zo cin shinkafa bayan raina a ba shi nawa? Kina da hankali kuwa?"

Duk da haka ban haƙura ba. Na sayo na kasuwa na zuba a sama-sama. Hannunta kawai ta sa ta shafa, ko buɗe ido ba ta yi ba, ta ture su gefe ta nutsa can ƙasa. Daga nan na daina wayo, na zuba ido ina kallon kwandon yana lotsawa kamar yadda ita ma take lotsawa cikin katifa.

Baba Sanni mai gyaran takalmi a bakin lungu yakan shigo bayan la'asar. Sa'anta ne, tare suka yi makarantar allo. Ranar Litinin ta laluba ta laluba, ta fito da wani fari babba ta miƙa masa.

"Humu, da wane haƙori zan ci?"

"Riƙe dai, Sanni. Ba a mayar min da goro."

Washegari da hantsi na shiga da ruwan ɗumi zan goge mata jiki. Fuskarta na kallon kwandon, hannunta ɗaya a kan ganyen. Na kira ta, na sake kira. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan an fita da ita na zazzage kwandon har ƙasa, ban samu komai ba sai ganye. Na zauna a dandaɓe na yi kuka, na rashinta da na amanar da ban da abin cika ta.

Ranar uku aka kafa rumfa, kujeru suka zo kamar yadda Wahabu ya ce. Ya sayo goro mai kyau a kasuwa. Mutane suka ɓara suka ci, aka yi addu'a, babu wanda ya lura ba goronta ba ne. Wannan ya fi komai yi min ciwo.

Ina ɗauke da faranti sai Baba Sanni ya ja bakin mayafina. Ya fito da wani jiƙaƙƙen tsumma daga aljihu, ya warware shi a hankali. Farin goron ne. Ya ɗan tsage a baki, wani siririn tsiro ya leƙo.

"Na kasa ci, na kasa bayarwa," ya ce. "Ruwan alwala nake yayyafa masa. Na san abin da ta ce miki. Sa shi a faranti a raba, ko da ƙwaya ɗaya ce an cika mata."

Na karɓa. Abin da na yi ta roƙo ke nan, ga shi a tafin hannuna. Na kai shi saman farantin, amma yatsuna suka ƙi saki. Wahabu na tsaye a gefena, idonsa jawur, yana kallon tsiron.

"Anti Mubina," ya ce a hankali, "babu sauran itacen fa."

Ban sa shi a farantin ba. Ko ta yafe min, ban sani ba, kullum dai ina roƙa mata gafara ina roƙa wa kaina.

An ba wasu sababbin 'yan haya ɗakinta. Bokitin da nake tara ruwan rufinta na huda masa gindi, na cika shi da baƙar ƙasa, na shuka goron a ciki, yana nan tsakanin ƙofata da tata. Jiya da la'asar Baba Sanni ya shigo, ya tsuguna a gabansa, ya karkata butarsa a kan ganyaye biyun da suka fito.