Babur Ɗin Ruwa Ba Shi Da Birki

Babur ɗin ruwan ya daki kwalekwalen a tsakiyar ciki, ya fasa katako biyu, ya jefa mai shi cikin tafki. Ba wanda ya mutu. Mai kwalekwalen, wani masunci Bagwari da ake kira Kure, ya yi iyo ya fito, sannan ya koma ya jawo wanda ya buge shi, domin shi wannan bai iya ruwa ba.

Wanda ya yi bugun Ɗangoggo ne, direba, mutumin Funtuwa, mai shekara arba'in da bakwai. Abin ya faru ranar Asabar, tara ga Mayun 1992, da misalin ƙarfe goma na safe, a tafkin Jabi. Kafin ranar ya yi shekara ashirin da biyu yana tuƙi bai taɓa kankare fentin mota ba. Saboda haka ne Oga Edward, darakta a wata ma'aikata, ya zaɓe shi cikin direbobinsa uku lokacin da gwamnati ta tattaro daga Legas ta dawo Abuja. Ƙa'idar Oga kuwa sananniya ce: direban da ya yi karo da hannunsa sau ɗaya ya ajiye makulli. Ya taɓa sallamar wani don ya gogi ƙofar gida. Matar Ɗangoggo, Rakiya, da 'ya'yansu huɗu suna Agege a Legas suna jiran a gama ɗakin bayan gidan Oga su biyo shi.

Babur ɗin na Oga ne, ya zo daga Legas a babbar mota tare da kujeru da firji. Fari ne mai ratsin shuɗi, da sirdi da kai irin na babur, amma ba taya. A Legas ma'aikatan kulob ɗin masu jiragen ruwa ke kula da shi. A Abuja ba kulob, sai Ɗangoggo. Da Oga zai koma Legas na mako uku, domin rabin fayilolin ma'aikatar har lokacin suna can, ya tsaya a gareji ya ba shi dokoki uku. Kada a tayar da injin a tudu, don ruwan tafki ne ke sanyaya shi. A duba toshe biyu da ke baya kafin a saka shi a ruwa. A ɗaura igiyar makulli a wuyan hannu, yadda in mutum ya faɗo injin zai mutu. Ya ce kowace Asabar a ɗan zaga da shi kusa da gaɓa, kada injin ya cije.

Ɗangoggo ya kiyaye dukansu. Ya ƙara da nasa: yana tsince kainuwa daga ragar ƙarfen da ke ƙasan babur ɗin, yana tsiyaye ruwan da ya taru a ciki, yana goge jikinsa da tsumman da yake goge motar Oga. Asabar ta farko ya zaga sau biyu, a hankali, ya fito lafiya.

Asabar ta biyu ya ɗan ƙara wuta. Kwalekwalen Kure ya ɓullo daga bayan ciyawa, tazarar da ba ta fi tsawon mota shida ba. Ɗangoggo ya yi abin da ya yi sau dubu a titin Ikorodu na Legas: ya saki totur, ya karya kai zuwa hagu. Babur ɗin ya ci gaba miƙe kamar ba a taɓa shi ba.

Da yamma ya kira Oga a waya.

"Ranka ya daɗe, kan ne ya ƙi juyawa. Na karya shi har ƙarshe, bai amsa ba."

"Gishirin ruwan Legas ne ya ci wayar da ke juya kan," in ji Oga. "Na san za a yi haka. Nemo makaniki. Kai dai lafiya kake?"

Ɗangoggo bai yi ƙarya ba. Abin da ya gani ya faɗa.

Ranar Talata ya samo Solomon, mai gyaran janareta a bayan kasuwar Wuse, wanda ya yi shekara shida yana gyaran jiragen ruwa a Apapa, tashar jiragen Legas. Solomon ya kwanta a ƙasan babur ɗin, ya sa Ɗangoggo ya juya kai dama da hagu, yana kallon bututun da ke baya yana bin umarni.

"Baba direba, wayar nan ta fi gwiwata lafiya. Da ka ga jirgin mutumin, me ka yi?"

"Na saki wuta, na kauce."

"Ka saki wuta." Solomon ya tashi zaune yana dariya. "To da me za ka kauce? Da addu'a?"

Ya nuna masa. Injin yana zuƙar ruwa ta ƙasa, ya feso shi ta bututun baya. Inda bututun ya fuskanta, can feshin ke tura gindin babur ɗin, shi ne juyawar. In an saki totur feshi ya tsaya, kan ya zama ado. Birki kuma babu shi sam.

"Wato in na ga haɗari sai in ƙara wuta?"

"Ka ƙara wuta, ka juya."

"Wannan ai hauka ne."

"A titi hauka ne. Nan ba titi ba ne."

"Me ya sa Oga bai faɗa min ba?"

"Ka taɓa ganin Oga ya saki wuta a kan wani abu? Ƙila shi ma bai sani ba."

Solomon ya goge hannu, ya rage murya. Ya ce shi ma mai iyali ne. In Ɗangoggo yana so, zai ce wa Oga waya ce ta cije, ya zuba mata mai ta saki. Ai Oga da bakinsa ya faɗi haka tun farko. Magana ta ƙare.

Ɗangoggo ya ja da baya. Ya tsaya yana kallon babur ɗin. A madubin tunaninsa ba Rakiya kaɗai yake gani ba. Mabel, 'yar Oga, za ta zo hutu daga jami'a a watan Yuli, kuma tun a Legas take naci a bar ta ta hau. Shi Ɗangoggo ne ya koya mata mota. Shi ya yi ta maimaita mata, har ta gaji, cewa in ta ga abu a gabanta ta fara ɗage ƙafa daga totur. In aka ce waya ce, za a ba ta dokoki uku, kamar yadda aka ba shi.

"Bari mu je tafki tukuna," ya ce.

Sun tarar da Kure a gaɓa yana feƙe sababbin katakai biyu da Ɗangoggo ya kawo masa ranar Lahadi. Solomon ya ɗaura dutse a jikin wata jarka, ya roƙi Kure ya ari kwalekwalen maƙwabcinsa ya kai ta cikin ruwa.

"Direba, ka dawo da wannan doki naka?" in ji Kure. "Ba ta jin magana fa. Bari in ja jirgi nawa sama da dutse kafin ka hau."

Ɗangoggo ya ɗaure rigar da ke hana nutsewa, ya duba toshe, ya zura igiya a hannu. Ya nufi jarkar. Da ta matso, yatsansa ya saki totur da kansa, ya bi ta kanta. Karo na biyu ma haka. A na huɗu ya riƙe wutar, amma ya manta juyawa.

"Ka kashe ni sau huɗu yanzu!" Kure ya ƙwala masa daga gaɓa. "Mata nawa za ta gaji da kuka!"

A karo na tara ya matsa totur, ya karya kai. Gindin babur ɗin ya zame gefe, ruwa ya tashi, jarkar ta wuce ta damansa ba ta ko motsa ba. Ya sake yi sau uku. Da ya fito ya ɗaga hannunsa na dama yana dubawa.

"Shekara ashirin da biyu na yi ina koya wa hannun nan abu ɗaya," ya ce wa Solomon. "Bai yi min gardama ba sai yau."

Da la'asar ya kira Legas. Ya ce makaniki ya duba, wayar lafiya take, kan lafiya yake. Ya ce hannunsa ne. Ya bayyana doka ta huɗu dalla-dalla, wato sai da wuta ake juyawa, ya roƙi Oga ya rubuta ta, ko da wa zai hau bayansa. 

"Ka ajiye min makullan biyu a kan teburina," in ji Oga. "Na mota da na babur. Ina dawowa Juma'a."

Ɗangoggo ya wanke babur ɗin, ya tsiyaye shi, ya rufe da tamfol. Ya rubuta dokokin huɗu a bayan kwali, ya liƙa a bangon gareji. Kure ya mayar da kwalekwalensa ruwa ranar Laraba. Magina sun sa ƙofar ɗakin baya ranar Alhamis, saura fenti. Ɗangoggo bai aika wa Rakiya komai ba. Ya zuwa yammacin ranar, makullan biyu suna kan tebur, kuma Oga bai faɗi wanda zai ɗauko shi daga filin jirgi ba.