Ƙwayoyin Huseina

"Guda biyu kawai, Huseina, zazzaɓin nan ya hana ni sakat," in ji maƙwabciyarmu Ramlat daga bakin ƙofa. Huseina ta laluba ƙarƙashin filo ta ɓallo mata huɗu.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Huseina a ƙauyenmu, gabas da Ɗambatta. Shekara biyu tana fama da ciwon gaɓoɓi da wani tabo a kumatu, mai tashi duk ranar da ta yi shanyar barkono. A asibitin Kano aka ce sunan ciwon lufus. Yadda likita ta yi mata bayani, haka ta dawo ta yi mana: sojojin da Allah ya zuba a jini don yaƙar cuta, nata sun rikice sun juyo kan gida, har sun fara taɓa ƙoda. Maganin da aka ba ta lallashinsu yake yi, ƙwaya ɗaya kullum, ko tana jin ciwo ko ba ta ji.

Sai mai kemis ɗin garinmu ya duba kwalin ya ce ai wannan ƙanin kulorokwin ne, maganin zazzaɓin sauro. Shi ke nan, tsuntsu daga sama gasasshe. Damina ta kankama, sauro ya yi yawa, duk mai masassara sai gidan Huseina. Ita kuwa ba ta iya hani ba, ko gishiri ka roƙa sai ta haɗo maka da daddawa.

"Ke fa?" na tambaye ta wata rana.

"Ni ai na ji sauƙi, Yaya. Mai zazzaɓi ya fi ni buƙata."

Maganin wata uku ya ƙare a sati biyar. Ba ta gaya wa mijinta Malam Sama'ilu ba, don yana tsakiyar maimai a gona. Kafin a fara yankan gero ƙafafunta sun kumbura, fitsari ya ɗauke. Ranar Talata aka kai ta Kano, ranar Alhamis aka dawo da gawa.

A zaman makoki kowa alherinta yake faɗi, ba wanda ya ambaci maganin. Ni ma ban ambata ba, domin sau biyu na karɓa, kuma abin yana ci mini rai.

Ranar sadakar uku Malam Sama'ilu ya shigo tsakar gida da ƙullin leda, ya zazzage fankon kwalayen a kan tabarma a gabanmu.

"Ku duba, Allah ne shaida ba ta yi wasa da magani ba. Ko ɗaya ba ta rage ba. Kwana ne ya ƙare."

Ramlat ta sunkuyar da kai. Ni kuma na jawo ƙwarya na ci gaba da mulmula gumba.